Lamba Biyu da Ke Riƙe da Totur

Duk wanda ya cire kwamfutar da mota ta zo da ita daga kamfani, ya sa wadda zai iya saitawa da kansa, akwai ɗan aikin da ke jiransa kafin ya tayar da inji. Sabuwar kwamfutar ba ta san totur ɗin wannan motar ba. Sai an nuna mata inda yake a rufe, an kuma nuna mata inda buɗewarsa ta ƙare. A manhajar TunerStudio, wadda masu MegaSquirt da Speeduino ke aiki da ita, abin bai wuce 'yar taga mai gurbi biyu ba: ka ɗage ƙafa ka danna maɓalli, ka take totur har ƙasa ka danna na biyu. Yaron gareji ma zai iya. Sai dai wanda ya gwane a harkar yakan ɓata rabin awa a kan abin da wani zai gama cikin minti ɗaya, kuma shi ne mai gaskiya.

Sensar totur ta gargajiya irin na'urar nan ce da ke cikin abin murɗa muryar tsohuwar rediyo. Waya uku gare ta: ɗaya tana kawo bolt 5 daga kwamfuta, ɗaya ta ƙasa ce, ta ukun kuma ita ke mayar da rahoto. Idan totur na rufe, rahoton yakan zama wajen bolt 0.5, idan an buɗe shi duka ya kai wajen 4.5. Da gangan aka bar rata a gefe biyun. In kwamfuta ta ga sifili ko bolt 5 cif, ta san ba ƙafar direba ba ce, waya ce ta tsinke ko ta haɗe da wata, shi ne na'urar bincike ke nuna P0122 ko P0123. Kwamfuta irin MegaSquirt ta biyu, zuriyar wadda Bruce Bowling da Al Grippo suka fitar a Amurka a 2001, tana mayar da bolt ɗin lamba tsakanin 0 da 1023. Ke nan rufaffen totur zai faɗo wajen 102, buɗaɗɗe wajen 920. Duk wani kaso cikin ɗari da za a gani a allo daga baya, tsakanin waɗannan lambobi biyu aka ƙirga shi.

Abubuwan da ke rataye a kansu suna da yawa. Kwamfuta ba ta karɓar ragamar juyin inji a tsaye sai ta tabbata direba ya ɗage ƙafa. Haka ba ta yanke fetur a gangara sai ta ga totur a rufe. In an saita sifilin ba daidai ba, tana karanta kashi 3 alhali ba kowa a kan feda, mota za ta yi ta kugi a tsaye tana shan mai, mai ita kuma ya dinga zargin fulogi da injekta. Can sama ma akwai tarko: galibin kwamfutocin nan, idan suka ga totur a buɗe sosai lokacin da ake tayarwa, sukan ɗauka inji ya sha mai ne ana son busar da shi, sai su hana fetur ɗungurungum. Wanda ya juya lambobin nan biyu zai kwana yana murza makulli har batir ya mutu.

Gwani ba ya fara danna komai sai ya duba ƙarfen da idonsa. Inji a kashe, makulli a kunne. Zai taɓa wayar totur ya ji ko tana da ɗan sassauci, domin in ta ɗame, faifan da ke cikin maƙogwaron iska bai zauna a mazauninsa ba. In tsohon inji ne mai ɗan abin da ke tokare totur idan da sanyi, zai bari ya yi zafi tukuna. Wajen ɗaukar lambar sama kuma ba zai murɗa totur da hannu a gaban mota ba. Zai sa a taka feda daga kujerar direba, shi kuma ya leƙa ya ga ko faifan ya miƙe sosai, don gani ya kori ji. Sau da yawa kafet ɗin ƙasa ne ke tare feda, a yi ta neman ƙarfin da ya ɓace a cikin taswirar da kwamfuta ke bi wajen ba da mai.

Abin da ya fi burge ni shi ne matakin da ke biye, wanda ba manhajar da ke tilasta shi. Zai taka feda a hankali, a hankali, idonsa a kan layin da ke hawa a allo. Layin ya hau sumul. In ya yi tsalle ko ya faɗi ya tashi, musamman a farkon tafiyar inda ƙafa ta fi zama shekara da shekaru, to sensar ta cinye daga ciki. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, saboda kwamfuta na lura da saurin motsin totur don ta ƙara mai nan take, aikin da ɗan famfon kafireta ke yi a da. Sensa mai rawa tana sa a watsa fetur alhali ƙafa ba ta motsa ba. Daga nan zai kunna fitilun gaba da fanka. In lambar ta gusa, zai zargi cewa an ɗaure wayar ƙasa ta sensa a jikin inji maimakon a mayar da ita ga kwamfuta. Idan kuma ya tarar lambar tana sauka yayin da ake takawa, manhaja za ta iya yarda a saita ta a juye, amma shi zai koma ya gyara wayoyin, don a juyen nan tsinkakkiyar waya tana iya bayyana a matsayin totur a buɗe. A injinan da ake ƙirga mai daga kusurwar totur da juyin inji kawai, kamar na babura masu gudu, yakan rubuta tsofaffin lambobin kafin ya taɓa su, domin ɗan kuskure kusa da sifili yana gusar da taswirar mai duka.

Motocin da babu waya tsakanin feda da totur sun ɗaga lamarin zuwa wani mataki. BMW ta fara sa wannan tsari a manyan motocinta a ƙarshen shekarun 1980, yau kuwa ya zama gama-gari. A nan ƙaramin injin lantarki ne ke buɗe faifan, don haka ake sa sensa biyu a feda, biyu a totur, kowace tana sa wa 'yar'uwarta ido. A wasu, ɗaya na hawa ɗaya na sauka, jimlarsu kullum wajen bolt 5. Da sun saɓa, sai P2135 ta fito, kwamfuta ta saki totur, sifirin ya mayar da shi ɗan buɗe kaɗan yadda mota za ta lallaɓa zuwa gida. Rikicin Toyota na 2009 da 2010, kan motocin da aka ce suna ƙara gudu da kansu, ya nuna nauyin abin: binciken NASA na 2011 bai gano laifin lantarki ba, aka jingina matsalar ga kafet da feda mai maƙalewa, duk da haka wata kotu a Oklahoma ta kama kamfanin da laifi a 2013 bayan an yi doguwar muhawara a kan manhajarsa. A ganina, duk manhajar da za ta bari a shiga saita totur inji na aiki, ko ta karɓi lambobi biyu masu kusa da juna ba tare da ta yi gargaɗi ba, ba a gama rubuta ta ba. Kuma wajen saita irin wannan totur, lokacin da kwamfuta ke kai faifan ƙarshe zuwa ƙarshe da kanta, gwani yakan ce kowa ya janye yatsunsa.

Kanikawanmu na Kano da Maraɗi suna cin karo da ƙanen wannan aiki ko da ba sa canza kwamfuta. Ƙurar hunturu da hayaƙin mai suna taruwa a maƙogwaron iska, kwamfuta ta saba da dattin tana ƙara buɗe faifan kaɗan kaɗan. Ranar da aka wanke shi tas, sai inji ya hau kugi a tsaye, mai mota ya ce an ɓata masa abu. A Nissan da yawa na shekarun 2000, ko babu na'ura akwai hanya: inji ya yi zafi, a kashe duk kayan lantarki, a kunna makulli a jira daƙiƙa 3, a taka feda sau 5 cikin daƙiƙa 5, a jira 7, sannan a danne ta wajen daƙiƙa 20 har fitilar inji ta daina ƙiftawa ta tsaya, a saki a tayar. Wanda ya ƙirga da ka yakan sake sau da dama, shi ya sa waɗanda suka saba suke ajiye agogo a kan kujerar gefe.