Tashe a Gwarzo da Kabo: Wasan da Ƙofar Gida Ke Gyarawa

Duk shekara, da zarar azumi ya kwana goma, garuruwan da ke kan hanyar Kano zuwa Gwarzo sukan sami gidan wasan kwaikwayon da babu wanda ya gina shi. Daga Garo zuwa cikin Kabo, daga Getso zuwa Lakwaya da Kutama, ana idar da asham sai yara su fantsama lungu-lungu. Wannan ya manna gemun auduga, wancan ya rataya gwangwanin madara a matsayin ganga, wata kuma ta sha babbar rigar babanta tana jan ta a ƙasa. Ba a yankar tikiti, ba a jera kujeru, babu mai tsaron ƙofa. Haka za a yi ta yi har jajiberin salla, kusan dare 20 ke nan, kuma da wuya a sami gidan da wasan bai leƙa ba.

Amma mu da muke kiran kanmu masu sharhi, ina muke zuba tawadarmu? Mun yi rubutu a kan Labarina, mun yi a kan Daɗin Kowa, mun yi ta cacar baki a kan littattafan da ake sayarwa ta WhatsApp. Tashe kuwa sai dai a littafin makaranta, a jera sunayen wasanninsa a ƙarƙashin babin al'adu, ɗalibi ya haddace ya zuba a jarrabawa. Da zarar mun kira abu al'ada, mun ɗauke masa nauyin zama mai kyau ko marar kyau, sai dai a yi ta kewarsa. Alhali tashe wasan kwaikwayo ne, akwai gwanaye a cikinsa akwai 'yan koyo, akwai wasan da ginin sa ya yi ƙarko akwai wanda ya tsufa. Ya cancanci a auna shi kamar yadda ake auna kowane fim.

A ganinmu, wanda ya fi kowanne kyan gini shi ne Ka Yi Rawa. Yaro ne ke shigar malami: rawani, allo, carbi, wani lokaci har da buzu. Sauran yara su kewaye shi suna tuhumarsa da cewa an gan shi yana rawa. Shi kuma ya kafe, ya musanta, ya nuna wannan magana ba ta dace da mai matsayinsa ba. To a ƙoƙarin nuna musu ɗan motsin da ya yi, wanda a wajensa bai kai a kira shi rawa ba, sai ya cashe a gabansu. Duk wasan ke nan. Babu shimfiɗa, babu labarin baya, amma abin da marubucin fim zai kwashe sa'a guda yana kewayawa, wato mutumin da bakinsa ke faɗar abu jikinsa na ƙaryata shi, an gama shi cikin minti biyu. Hujjar wanda ake tuhuma ita ce laifinsa.

A nan ake gane gwani. Yaron da bai ƙware ba yakan yi gaggawar rawar, tun ba a gama tuhumarsa ba ya fara tiƙa, sai wasan ya zama rawa kawai. Gwanin kuwa fuskarsa a murtuke take daga farko har ƙarshe. Yakan ja musun, ya gyara rawani, ya kalli masu amshi kallon raini, sannan ya saki kafaɗa ɗaya kamar ba da saninsa ba, sai ƙafa ta biyo. Dariyar tana cikin wannan jinkirin. Kuma ku lura da wanda ake yi wa: malami, a cikin watan da malamai suka fi kowane lokaci daraja, a ƙofar gidan da wataƙila mai gidan shi ne limamin unguwa. Yakan yi murmushi ya miƙa sadaka. Babu wani dandali a ƙasar Hausa da yaro ɗan shekara goma ke da irin wannan dama in ba wannan ba.

Jatau Mai Magani wani gini ne daban. Boka ne da tarkacen sauyoyi da ƙulle-ƙulle yana lissafa magungunansa, yara na amsawa. Ƙarfinsa shi ne buɗaɗɗen bakinsa: jeri ne, kowa na iya ƙara nasa. Rukunin da ke da kai sukan cusa ciwon da garin ke fama da shi a wannan shekarar, tsadar taki ko bashin mai shago, sai ka ji tsakar gida ta ɗauki shewa. Wanda ba su da kai sukan maimaita jerin da suka gada kalma da kalma, har da sunayen itatuwan da ba su taɓa gani ba. Tsoho da Gemu, a gaskiya, shi ya fi lalacewa. Wasa ne na jiki, na ranƙwafawa da karkarwar sanda da tari, amma yanzu sau da yawa gemun kaɗai ake kawowa, a tsaya a miƙe a rera da sauri a miƙa hannu. In aka cire kwaikwayon, abin da ya rage bara ce.

Wasan 'yan mata na Mairama da Daudu ya fi wuyar yanke wa hukunci. In aka bi kalmominsa kawai, darasi ne ga amarya kan yadda za ta yi wa miji hidima, kuma mai karatu na yau zai iya tambaya ina darasin Daudu. Tambaya ce mai kyau. Sai dai wanda ya tsaya a kalmomi bai kalli wasan ba. Daudun nan yarinya ce a cikin rigar namiji, ta karkace hula, ta turo ciki, tana hura hanci tana jiran a durƙusa mata. A tsakar gida ake yin sa, a gaban matan aure, kuma ba Mairama suke wa dariya ba. Waƙar na koyar da ladabi, jikin mai wasan na tsokanar wanda ake yi wa ladabin. Duk wanda ya kwafe baitocin a takarda ya ce ya adana wasan, rabinsa ya adana, kuma rabin da ya fi rauni.

Me ya sa waɗannan wasanni suka yi kaifi haka, alhali babu marubuci babu darakta? Amsar tana ƙofar gida. Rukuni ɗaya na iya yin wasa ɗaya a gidaje da dama a dare guda, kuma kowane gida alƙali ne. Inda aka yi dariya, gobe a ƙara ja. Inda aka yi shiru, a datse. Inda aka ce su yi gaba, an faɗi. Mu da muke rubuta manhajar kwamfuta mun san darajar wannan, domin mukan kashe makonni muna neman mutum goma da za su gwada abin da muka gina su faɗa mana gaskiya. Yaran Getso suna samun wannan gaskiyar kowane minti biyar, ba tare da sun roƙa ba. Shekaru aru-aru na irin wannan tankaɗe da rairaya ne suka bar mana Ka Yi Rawa ba tare da ko ɗan tsaki a cikinsa ba.

Wannan ya kawo mu ga kalmar kyauta. A wasu ƙasashe akwai wasannin fili da ake yi wa jama'a ba da kuɗi ba a lokacin zafi. Wanda ya fi shahara shi ne na birnin New York a Amurka, inda wani mai shirya wasanni, Joseph Papp, ya fara nuna wasannin Shakespeare kyauta a shekarun 1950. A 1959 jami'in da ke kula da lambunan birnin, Robert Moses, ya dage sai an riƙa karɓar kuɗin shiga. Papp ya kai ƙara kuma ya yi nasara, sannan a 1962 aka buɗe dandalin Delacorte a lambun Central Park, mai ɗaukar mutum kusan 1,800. Can, kyauta na nufin wani ya biya a madadinka: masu hannu da shuni da asusun birni. Ɗan kallo ya karɓi tikitinsa, ya zauna, ya tafa, ya tafi. Namu ba haka yake ba. Wasan ne ke zuwa wurin ɗan kallo, kuma ɗan kallo ne ke biya bayan ya gani, gwargwadon jin daɗinsa da ƙarfinsa, da tsabar gero ko ɗan canji ko ragowar ƙosan buɗa-baki. Wanda ba shi da ko ɗaya ya yi addu'a, kuma ba a hana shi kallo. Tsari ne da ya fi nasu adalci ta wata fuskar, amma ya fi nasu rauni, domin babu gini, babu asusu, babu wata takarda da za a kai kotu ranar da aka ce a daina.

An kuwa ce a daina. Rundunar 'yan sandan Jihar Kano ta fitar da sanarwar hana tashe fiye da sau ɗaya a 'yan shekarun nan, bisa dalilin cewa ɓata-gari na fakewa da shi suna fitowa da makamai, suna faɗan daba da ƙwacen waya. Ba ƙarya ba ne, duk wanda ya san wasu unguwannin birni da daddare ba zai yi musu ba, kuma uwar da aka sari ɗanta ba ta da lokacin jin sharhin adabi. Amma wake ɗaya ne ya ɓata gari. Matsalar ta ƙartin da ke ɗauke da wuƙa ce, hukuncin kuma ya faɗa kan yarinyar da ke ɗauke da hular babanta, a ƙauyen da ke da tazarar kilomita kusan 70 daga inda ake rikicin. Hani shi ne mafi arha a cikin matakan tsaro, shi ya sa ake saurin ɗaukarsa. Ko hawan sallar Kano, wanda hukumar UNESCO ta sanya cikin jerin al'adun duniya a Disambar 2024, an hana shi a ƙaramar sallar 2025 ana tsaka da rikicin masarauta. In hawan da ke da sarki da dawakai da shaidar Majalisar Ɗinkin Duniya bai tsira ba, ina ga dokin kara?

Za a ce ai tashe ya koma waya, ga shi nan a TikTok da Facebook. Akwai shi, wasu ma sun iya. Sai dai waya barkwancin take ɗauka ta bar amshin, kuma alƙalancinta lamba ce kawai: ta gaya maka mutum nawa suka kalla, ba ta gaya maka a wace gaɓa tsohuwar gidan ta rufe baki da mayafi ba. Abu na biyu ya fi wannan nauyi. Tashe yana da rigar kariya ta lokaci da wuri. Kowa ya san watan ne, kowa ya san yaran waye, kuma da gari ya waye maganar ta bi iska. Bidiyo ba ya bin iska. A Nuwambar 2022 wata kotun majistare a Kano ta yanke wa wasu matasa biyu hukuncin bulala 20 kowannensu, da tara, da sharar harabar kotu, saboda bidiyon barkwancin da suka yi a kan gwamnan lokacin. Abin da kalankuwa ta saba yi bayan girbi, inda samarin ƙauye ke naɗa nasu gwamna da alƙali da 'yan sanda suna kwaikwayon mahukunta a bainar jama'a, ya zama abin tsoro da zarar an ɗora shi a intanet. Ita ma kalankuwar ta ja baya a garuruwa da yawa, ta bar tashe kusan shi kaɗai a fili.

Shawarar da aka fi bayarwa ita ce a tattara wasan wuri guda: ƙaramar hukuma ta ware filin makarantar firamare, a kafa fitilar sola, a zuba 'yan sintiri, a yi gasa a ba da kyauta. Ba mu ƙi ba, kuma Gwarzo da Kabo ba su rasa filaye ba. Akwai ma abin koyi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, inda tun a shekarun 1970 aka gina dandalin wasan kwaikwayo na ƙasa, marar rufi a tsakiya, bisa fasalin gidan Bahaushe. Amma a san abin da za a rasa. A fili, da lasifika da manyan baƙi a sahun gaba, wasan zai koma na nuna wa shugaban ƙaramar hukuma, kuma babu malamin makarantar da zai bar ɗalibansa su tsokani kowa a gabansa. Matan da ba sa fita da dare, waɗanda su ne ainihin 'yan kallon Mairama da Daudu, ba za su gani ba. In za a yi filin, ya zama ƙari na dare ɗaya ko biyu. Abin da ya fi sauƙi kuma ya fi kusa da asali shi ne a bar wa mai unguwa da dagaci ragamar: a sa iyakar shekaru, a sa lokacin tashi, kowane rukuni ya tsaya a unguwarsu, babba ɗaya na biye da su daga nesa.

Akwai kuma lissafin da masu sanarwar hani ba sa yi. Ɗan tashe ba ya daɗewa a fage. Yakan fara bin yayyensa yana amshi tun yana ɗan shekara bakwai ko takwas, ya karɓi gemun ko rawanin bayan shekara biyu ko uku, kafin ya kai sha huɗu ya fara jin kunya ya ajiye. Babu littafin da ke koyar da yadda ake jan musun nan ko sakin kafaɗa, a ido ake ɗauka, daga wanda ya girme ka kaɗan. In aka yi azumi huɗu ko biyar a jere babu fita, waɗanda suka iya sun girma, waɗanda ke tasowa kuma ba su taɓa ganin an yi ba.