Ba Kamun Da Aka Hana

Akwai wata karin magana ta Turawan Ingila wadda masu jin Turanci na ƙasarmu su ke yawan jefawa cikin zance, a jarida da rediyo, watau "no holds barred." In ka tambaye su ma'anarta, sai su ce wai a yi abu ba doka ba iyaka. Wannan fassara ta yi kusa, amma ba ta kai ba, kuma wurin da ta gaza shi ya kamata mai karatu ya duba.

Maganar daga filin kokawa ta fito. Kalmomi biyu na farko ma'anarsu babu wani kamu, ta ukun kuwa hanawa ce, kamar yadda a ke sa wa ƙofa sakata. Watau dai, ba kamun da aka hana.

Dalili kuwa, kokawar Ingila ba iri ɗaya ba ce. A Kambalan, can arewa, 'yan kokawa su kan rungumi juna tun kafin a fara, kowa ya sarƙe yatsunsa a bayan abokin karawarsa, wanda ya saki hannu duka an ka da shi ke nan. A Konwal wata taguwa su ke sawa mai kauri, ita a ke kamawa. Amma a Lankasha, ƙasar masu haƙar kwal da masu aikin saƙa, sai aka bar kowa ya kama inda ya samu, ko ƙugu ko ƙafa. Wannan ce ta ƙetare teku zuwa Amurka, inda wajen ƙarshen ƙarni na 19 masu shirya wasa su kan yi shela cewa ba kamun da aka hana. A 1904 ta shiga wasannin Olimfik a birnin Sen Luwis. Daga baya aka ari maganar, aka riƙa faɗinta ga gardama da siyasa, har da yaƙi.

To, mutumin Zakka ba sai an yi masa dogon bayani ba. Da kaka, in an kai gero rumbu, samari suka fito dandali, kokawarmu ta fi kama da ta Lankasha, gama mu ma a kan kama ƙafa. Duk da haka wa zai ce ba doka? Ba cizo, ba naushi, ba tsone ido. Da an kai mutum ƙasa magana ta ƙare, manya su shiga tsakani, makaɗi ya juya kiɗa. Haka a ke yi har a babbar kokawar Nijar ta neman takobi, wadda aka fara a Tawa a 1975, Kantu na Maradi ya ci. Kuma mutum biyun nan kowa da yardarsa ya shiga fili, ƙarfinsu kusan ɗaya. Kamu kaɗai aka sake musu, ba a kori alƙali ba.

Saboda haka masu fassara ta da cin kare ba babbaka sun yi nisa da ita ƙwarai. Mai cin karensa ba babbaka ba shi da mai tsawata masa, ɗan kokawa kuwa jama'a duk sun zuba masa ido.

Abin da ya sa na tsananta a kan wannan shi ne, an kai maganar inda ba wasa a ke yi ba. Ƙasar Batsari da Safana ta sha wuya a hannun 'yan bindigan Dajin Rugu. Sulhun da Gwamna Masari ya yi da su a 2019 bai daɗe ba, a watan Fabrairu na 2020 aka kashe mutum wajen 30 a Tsauwa da Dankar, galibinsu tsofaffi da yara waɗanda ba su iya gudu ba. Wanda ya ga wannan, in ya ce a yaƙe su ba kamun da aka hana, ba na ganin laifinsa. Amma mai rubutu ya kamata ya faɗi wa ya ke nufi. In soja ne da ɗan bindiga, to. In kuwa 'yan sa-kai ne za su tare kowane Bafillace a hanyar kasuwa, su yanke masa hukunci ba a kai shi gaban alƙali ba, wannan bai shiga fili da yardarsa ba, ramuwar kuma ta kan sauka a kan ƙauyen da bai ji ba bai gani ba.