Digirin fiziks haɗe da kasuwanci: ina gizo ke saƙar?

A Jami'ar Warwick da ke Ingila akwai digirin da ya haɗa fiziks da ilimin kasuwanci. Na ga wasu abokanmu na cewa mu ma a kawo mana irinsa. Ban ƙi ta tasu ba, amma ina da ja.

Tsohuwar harabar Jami'ar Bayero tana ƙaramar hukumar Gwale, ba nisa da kasuwar Kurmi. Yawancin yaran unguwannin nan sun tashi ne a shagon uba ko na kawu. Wanda ya iya ciniki tun yana firamare, anya sai an ba shi lacca kan yadda ake cin riba?

Kuma mun riga mun ɗanɗana. Hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ta daɗe da wajabta darasin koyon sana'a, ta kuma riƙe shi a sabuwar manhajar da ta ƙaddamar a 2022. A inda na yi digirina, abin da muka koya a darasin shi ne haɗa sabulun ruwa. Ɗalibin fiziks fa! Aka ba mu maki, kowa ya watse. Ba sabulun na raina ba, matsalar ita ce darasin bai taɓa shafar abin da muke karantawa ba.

Alhali alaƙar tana nan. A 1900 Louis Bachelier ya bayyana hawa da saukar farashi a kasuwar Faris da lissafin tafiyar da ba ta da alkibla, shekara biyar kafin Einstein ya yi amfani da irin wannan lissafi kan motsin ƙwayoyi a cikin ruwa. Lissafin Black da Scholes na 1973, wanda ’yan kasuwar hannun jari ke ji da shi, idan ka sauya masa riga, lissafin yaɗuwar zafi ne da ake koya mana a aji.

Bari mu dawo gida. Tun da kuɗin wutar ’yan rukunin A ya kai naira 225 kowane yunit a Afrilun 2024, kowa sola yake nema. Ƙarfin da ake rubutawa a bayan faifan sola, a zafin digiri 25 aka auna shi. Duk ƙarin digiri ɗaya yana cin kusan kashi 0.4 cikin ɗari. A kan kwanon rufi a Gwale cikin bazara, faifai na iya kai digiri 60, ka ga kusan kashi 14 ya tafi, ba a ma zo maganar ƙurar hunturu ba. Batirin darma kuma, in ana zuƙe shi fiye da rabi kullum, ba ya daɗewa. Mai shago ya saya bisa lambar da ya gani, bayan wata shida ya ce an cuce shi. Wanda zai zauna ya lissafa masa wata nawa kuɗinsa za su dawo in aka kwatanta da janareta, dole ya san ɓangarorin biyu.

To amma ga tsorona. Shekarun digiri ba sa ƙaruwa, duk kwas ɗin da ya shigo sai wani ya fita. In aka zaftare lissafi da awannin ɗakin gwaji don a samu gurbin darasin talla, ɗalibi zai fito bai kai ga digiri na biyu a fiziks ba, a banki kuma mai digirin akanta ya sha gabansa. Ita NUC ta bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin ɗari na manhaja ta tsara da kanta. Ni da za a ji tawa, a nan za a sa lissafin farashin makamashi da riƙe littafin kuɗi, malamin fiziks da na kasuwanci su koyar tare, aikin kammalawa kuma ya zama auna solar wani shago na gaske har tsawon zango guda.