Gwanayen Renon Masu Bi

Ranar Lahadi ce kasuwar Filinge ke ci. Tun da hantsi hanyoyin ƙauyukan Kurfai ke cika da amalanke da jakuna, Buzaye da Fulani na koro bisashe, mata na zaune da tiya a bakin buhunan hatsi da wake. Kiristan da aiki ko fatauci ya kawo shi wannan gari, ranar sujadarsa ita ce ranar ciniki, abin da ya ji da safe game da tsarki kuwa, kafin la'asar an gwada shi a wurin awo. Ƙidayar 2012 ta nuna Kiristocin Nijar ba su kai ɗaya cikin ɗari ba, a Kurfai kuwa ɗai-ɗai ne. Wanda yake ɗai-ɗai ba shi da maɓoya. In ya yi ƙarya gari ya sani, in ya ci bashi ya hana gari ya sani. Shi ya sa nake ganin girman wasu mutane da ba a cika ambatarsu ba: dattawan ikilisiya da iyaye mata na Zumuntar Mata, waɗanda suka iya renon mai bi har halinsa ya gyaru.

Koyarwar da suke tafiya a kanta ba ta da tsawo. Allah yana karɓar mai zunubi albarkacin Yesu Almasihu tun ranar da ya ba da gaskiya, wannan an gama shi lokaci guda. Tsarkakewa ita ce abin da ke biyo baya, aikin Ruhu Mai Tsarki ne da ke sāke mutum a hankali ya riƙa kama da Ubangijinsa, kuma yawancin ikilisiyoyi sun yarda ba ya cika sai bayan rai. A sura ta 2 ta wasiƙarsa zuwa ga Filibiyawa, Bulus ya haɗa abu biyu a numfashi guda: masu bi su yi himma, domin Allah ne ke aiki a cikinsu. Kowa na iya haddace wannan. Wuyar tana wurin sanin inda hannun mutum zai shiga da inda zai janye ya bar wa Mai shi.

Duk manomin Dallol Bosso ya san kututturen sabara ko kalgo da ke tohowa a gona kowace shekara. Tun daga 1983 Tony Rinaudo, ma'aikacin mishan ta SIM a Maradi, ya yi ta nuna wa manoma cewa in suka daina share tohon gaba ɗaya, suka zaɓi 'yan rassa masu ƙarfi suka sassabe sauran, itace zai tashi, domin saiwar na nan da rai a ƙasa. Haka gwanin reno yake. Bai sa rai a jikin kowa ba, kuma ya san haka. Abin da ya iya shi ne ya dubi mutum ya gane wane reshe ne ke shanye masa ƙarfi bana, ya taɓa wannan kaɗai, sauran ya bar su zuwa baɗi. Yesu ma da datsar rassan inabi ya yi misali a Yohanna sura 15.

A dubi yadda dattijo ke yi da saurayi mai saurin hannu da baki, wanda ya zagi maƙwabci a kan akuyar da ta shiga masa gida. Ba zai ambace shi cikin wa'azi ba. Zai bari sai zuciya ta huce, ya ce, "Ɗana, zo ka raka ni gona." A hanya sai hirar damina da tsadar hatsi. Can a inuwar gawo zai buɗe Littafi Mai Tsarki, ya miƙa masa ya karanta aya biyu ko uku da bakinsa, ya yi shiru. Sa'an nan ya tambaya, "Wa ka ɓata wa rai makon nan?" In yaron ya faɗa, a yi addu'a gajera. Da maraice kuma dattijon da kansa zai shige gaba har ƙofar maƙwabcin, ya yi sallama, ya ce, "Malam, ga ɗanka ya zo neman gafara." Wannan rakiyar ita ta fi burge ni. Aika mutum ya nemi gafara ba wuya, ɗaukar masa rabin kunyar ne sai gwani.

Iyaye mata nasu salon daban. Uwa za ta zauna kusa da amarya mai sayar da wake, ta ɗauki tiyarta kamar mai wasa, ta shafa gindin. In ta ji an buga shi ya lotsa ciki, ba za ta ce uffan a gaban masu saye ba. Gobe ta kawo mata tata, ta ce, "Ɗiyata, auna da wannan, ki cika ta yi tsororuwa."

Wannan reno yana da tushe. SIM ta shiga Nijar ta Damagaram a 1924, ta zauna Tsibiri, ta buɗe asibitin Galmi a 1950, cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa kuwa ya fito a 1932. A wancan zamani an fi auna tsarki da jerin hani: ban da giya, ban da taba, ban da bori. Ban raina wannan ba, ya tsamo gidaje da yawa. Amma mutum na iya barin burkutu ya riƙe hassada shekara talatin, ba wanda ya tanka masa. Galatiyawa sura 5 ta lissafa halaye tara da Ruhu ke haifarwa, daga ƙauna zuwa kamun kai, ba ɗaya daga ciki da ake samu da hani kawai. John Wesley ya gane haka a Ingila: daga 1742 ya riƙa kasa mabiyansa ƙungiya-ƙungiya, mutum wajen 12, suna haɗuwa kowane mako a tambayi kowa halin da ransa ke ciki. Dattawanmu da yawa ba su taɓa jin sunansa ba, amma abin da suke yi ke nan a gindin bishiya.

Matashi mai bi da aka turo ka aiki Filinge, Tukunus ko Abala, kafin ka bar Yamai ko Dogon Dutsi ka nemi dattijo irin wannan, ka karɓi lambarsa, ka ba shi izini ya riƙa yi maka tambayar da ba ka so.