Marmara, Ƙarfe da Kabarin da Ya Ɓata: Nazarin Finafinan Wajda Guda Biyu

A farkon fim ɗin Andrzej Wajda mai suna Mutumin Marmara (Człowiek z marmuru), wanda aka fara nunawa a Polan a watan Fabrairun 1977, wata ɗalibar koyon shirya fim da ake kira Agnieszka ta kutsa cikin ɗakin ajiya na gidan tarihi a birnin Warso. Can bayan wani shingen waya ta tarar da mutum-mutumin wani ƙato kwance a ƙasa, an sassaƙa shi da dutsen marmara, an yasar da shi cikin tarkace. Ba ta tsaya neman izini ba. Ta haye kansa kamar mai hawan doki, ta saita kyamara a fuskarsa. Mutum-mutumin na Mateusz Birkut ne, birkilan da gwamnatin gurguzu ta ɗaukaka a farkon shekarun 1950 har hotonsa ya rufe bangayen gari, daga baya kuma ta sauke shi ta ɓoye. Duk fim ɗin a kan tambaya guda aka gina shi: wa ya sassaƙa wannan dutse, wa ya kwantar da shi, ina kuma mai fuskar ya shiga?

Shekara huɗu bayan haka Wajda ya fitar da ci gaban labarin, wato Mutumin Ƙarfe (Człowiek z żelaza), wanda ya lashe babbar kyautar bikin finafinai na Cannes a 1981. Da'awar wannan muƙala ita ce fim na farko ya fi na biyu nisa, duk da cewa na biyun ne ya ɗauki kambi. Na farkon ya koya wa mai kallo yadda ake ƙera gwarzo, na biyun kuwa ya ɗauki gizago da kansa ya shiga sassaƙa. Sai dai tsakanin finafinan biyu akwai wani gini na ƙarfe da ya tashi a bakin ƙofar masana'antar ƙera jiragen ruwa ta Gdansk, kuma duk wanda zai yanke wa Wajda hukunci dole ya tsaya a gindinsa tukuna.

Birkut ɗan ƙauye ne da ya zo cin rani a Nowa Huta, sabon garin da aka fara ginawa a 1949 a gefen Krakow domin ma'aikatan wata gagarumar masana'antar narka ƙarfe da aka laƙaba wa sunan Lenin. A wancan zamani gwamnati tana yayata gasar aiki irin ta Tarayyar Sobiyet, inda ake nemo ma'aikaci guda da ya ninka abin da aka ɗora masa, a kafa shi a matsayin abin koyi. Wani matashin darakta mai neman suna, Burski, ya hango Birkut, ya shirya masa bajinta: shi da abokan aikinsa za su jera bulo dubu talatin a zubin aiki guda. An ciyar da shi, an yi masa aski, an kawo makaɗa, an kafa kyamara. Abin lura a nan shi ne Birkut ya jera bulon da gaske. Guminsa na gaskiya ne, gajiyar da ta kusa kayar da shi ma haka. Ƙaryar tana cikin abin da aka yi da gumin: an yanke duk inda ya yi tangaɗi, aka bar inda yake murmushi.

A nan gwanintar Wajda take. Yana nuna mana fim ɗin farfaganda mai baƙi da fari yadda jama'a suka gan shi, ya nuna guntayen da aka yanke aka jefa a rumbun ajiya, sannan ya nuna abin da ya auku a zahiri cikin launi, ta bakin waɗanda Agnieszka take bi tana tambaya. Kowane mai ba da labari yana da abin da yake karewa. Burski ya zama hamshaƙin darakta mai zuwa bukukuwan ƙasashen waje. Tsohon jami'in tsaron da ya riƙa bin sawun Birkut ya koma harkar nishaɗin dare. Witek, abokin Birkut da aka taɓa ɗaurewa, ya zama babba a wata masana'anta. Kowa ya ci tuwo da sunan birkilan, shi kaɗai ne ba a san inda ya kwana ba. Masu nazari sun sha kwatanta wannan tsari da na Citizen Kane, kuma kamancin a fili yake, amma akwai bambanci mai nauyi. A fim ɗin Orson Welles ana neman sirrin attajirin da ya gina sunansa da kansa. A na Wajda ana neman talakan da wasu suka gina wa suna ba da shawararsa ba.

Akwai wani ɗan ƙaramin abu da ya fi kowane ƙarfi a ganina. A jerin sunayen da ke fitowa a fim ɗin farfagandar da aka ƙirƙira, Wajda ya sa sunansa a matsayin mataimakin darakta. Shi ma ya koyi sana'arsa ne a makarantar fim ta Lodz a daidai waɗancan shekaru, ya kuma san cewa da hannun masu kyamara aka ɗora irin su Birkut a kan dakali. Mai karatu Bahaushe ba ya buƙatar dogon bayani a nan. Mu ba mu saba kafa wa mutum dutse ba, amma mun san maroƙi, mun san bakin da ya yi wa mutum kirari da safe yana iya yi masa zambo da yamma idan iska ta juya. Abin da ba mu cika gani ba shi ne maroƙin da zai tsaya tsakiyar fage ya ce shi ma yana cikin waɗanda suka yi kirarin.

Faɗuwar Birkut ta fara ne ranar da wani ya miƙa masa bulo mai zafi a wurin nuna bajinta, hannuwansa suka ƙone. Wajda bai ɓoye dalilin da zai sa ma'aikaci ya yi wa ɗan'uwansa haka ba: duk lokacin da gwarzo ya kafa tarihi, sai a ƙara wa sauran yawan aikin da za su yi. Hukuma ta ɗora laifin a kan Witek. Birkut, wanda ya yarda da tsarin da zuciya ɗaya, ya riƙa bin ofisoshi yana neman a yi wa abokinsa adalci, har shi ma aka gurfanar da shi aka ɗaure. An sauke hotonsa, matarsa Hanka ta barranta da shi. Jerzy Radziwiłowicz ya taka wannan rawa da wata irin fuska ta mutumin da bai iya ƙarya ba, shi ya sa mai kallo ba ya yi masa dariya ko da wautarsa ta fito fili. Gwamnati ta so dutse, sai ta dace da mutum mai kunya da amana, kuma waɗannan halaye ne suka kai shi kurkuku.

Shi kansa fim ɗin ya sha irin abin da yake ba da labari. Aleksander Ścibor-Rylski ya rubuta labarin tun farkon shekarun 1960, aka hana ɗaukarsa fiye da shekara goma. Da aka ba da izini kuma, sai masu tace finafinai suka cire ƙarshensa. A fim ɗin da jama'a suka gani, Agnieszka ta gano ɗan Birkut, Maciej, yana aiki a masana'antar jiragen ruwa ta Gdansk, ya ce mata mahaifinsa ya rasu, ba a faɗi yaya ba. Wurin da aka cire shi ne na maƙabarta, inda ake neman kabarinsa. 'Yan Polan ba su buƙaci a fassara musu ba. A watan Disambar 1970 gwamnatin Gomułka ta ƙara farashin abinci ana dab da Kirsimeti, ma'aikatan garuruwan gaɓar teku suka fito, sojoji da 'yan sanda suka buɗe wuta a Gdansk da Gdynia da Szczecin da Elblag, mutum fiye da 40 suka mutu. An binne da yawansu da dare, cikin gaggawa, a gaban dangi ƙalilan. Almakashin mai tacewa ya yi wa Wajda aikin da bai nema ba, domin fim ɗin da ya buɗe da mutum-mutumin da ba a son a gani ya rufe da gawar da ba a son a ambata, kuma ramin da aka bari ya fi duk wani hoton kabari amo.

A watan Agustan 1980 ma'aikatan wannan masana'anta suka shiga yajin aiki bayan korar Anna Walentynowicz, mai tuƙa injin ɗaga kaya. Cikin abubuwan da suka nema tun farko akwai a gina abin tunawa da mamatan 1970. An sa hannu kan yarjejeniya ran 31 ga Agusta, ƙungiyar ƙwadago ta Solidarność ta tsaya da ƙafarta, ran 16 ga Disamba kuma aka buɗe ginin: gicciye uku na ƙarfe masu tsayin mita 42, kowanne da angar jirgi a rataye, kusa da ƙofa ta biyu inda aka harbi ma'aikata shekara goma da suka wuce. Ma'aikatan ne suka ƙera shi da hannunsu. Akwai baitocin Czesław Miłosz a wurin, akwai sunayen mamata. Wajda ne ya tsara bikin buɗewar, aka rera kiɗan da Krzysztof Penderecki ya tsara, ɗan wasa Daniel Olbrychski ya kira sunayen mamatan ɗaya bayan ɗaya.

Idan aka ajiye wannan gini kusa da mutum-mutumin Birkut, bambancin yana bayyana. Na marmara daga sama aka sauko da shi, an ɗauki fuskar mutum guda mai rai aka ce wa sauran su zama kamarsa. Na Gdansk daga ƙasa ya taso, babu fuskar wani shugaba a ƙolinsa, kuma abin da yake nema a wurin mai wucewa bai wuce ya san cewa an kashe waɗannan mutane a nan ba. Saboda haka ba kowane abin tunawa ne ƙarya ba. Inda hukuma ta shafe kabari, kafa alama shaida ce. A Nowa Huta kuwa, ƙaton Lenin da aka kafa a 1973 ya sha wani makomar: an dasa masa bam a 1979 ya illata masa diddige, aka cire shi a Disambar 1989, ya ƙare a wani filin shaƙatawa a ƙasar Suwidin.

Da wannan ma'auni nake auna Mutumin Ƙarfe. Wajda ya sha faɗa cewa wani ma'aikaci ne ya ba shi sunan fim ɗin lokacin da ya ziyarci masu yajin aikin, kuma an ɗauke shi cikin 'yan watanni, ana tsoron kada ƙofar da ta buɗe ta sake rufewa. Inda fim ɗin ya tsaya a kan Disambar 1970 yana yin aiki irin na gicciyen nan uku. Mun ga yadda aka harbe Birkut a Gdynia, mun ga jana'izar dare, mun ga iyali sun dawo sun tarar kabarin ya ɓace, mun ga jama'a ɗauke da gawar wani saurayi a kan ƙyauren ƙofa, abin da ya faru da gaske a wannan gari. Wajda ya biya bashin da aka hana shi biya a 1977, kuma mutumin da aka kashe mahaifinsa cikin hafsoshin Polan da 'yan Sobiyet suka hallaka a 1940 ya san zafin rashin kabari fiye da kowane mai sharhi.

Matsalar tana wurin masu rai. Maciej, wanda Radziwiłowicz ɗin dai ya taka, ba shi da tsaga ko ɗaya a jikinsa. Duk wanda aka tambaya game da shi yabonsa yake yi, alhali a fim na farko saɓanin masu ba da labari ne ya haifar da gaskiya. Lech Wałęsa ya fito da kansa a matsayin shaidar auren Maciej da Agnieszka, wato shugaban siyasa mai rai ya shigo cikin ƙagaggen labari yana sa albarka. Me ya raba wannan da abin da Burski ya yi? Niyya ta raba su, haka ma haɗarin da kowannensu ya ɗauka, amma dabarar guda ce. Abin da ya fi ciwo shi ne yadda aka yi da Agnieszka. Krystyna Janda ta taka ta a 1977 tamkar guguwa, ba ta zama wuri ɗaya, tana busa sigari, tana yi wa shugabannin talabijin tsaye. A 1981 mun same ta a tsare, murya ƙasa-ƙasa, tana ba da labarin mijinta. Mai tambaya ta koma mai shaida, kuma babu wanda ya gaji tambayar a ɓangaren masu gaskiya.

Za a iya cewa lokacin yaƙi ba a tsayawa duba tsatsar takobin ɗan'uwa, kuma wannan hujja tana da ƙarfi. A 1981 ana fargabar tankokin Sobiyet, Solidarność tana buƙatar duniya ta ga fuskarta, fim ɗin kuma ya kai wannan fuska Cannes. Amma magina Nowa Huta ma sun yi imani cewa suna cikin yaƙi, suna sake gina ƙasar da aka rusa, kuma da wannan hujjar aka yanke tangaɗin Birkut. Tsagar da fim ɗin ya rufe ba ta daɗe a rufe ba, domin Walentynowicz, wadda ita ma ta fito a cikinsa, ta zama ɗaya daga cikin masu sukar Wałęsa mafi zafi har ƙarshen rayuwarta.

Mutum guda ne a Mutumin Ƙarfe yake numfashi irin na mutanen fim na farko, shi ne Winkel, ɗan jaridar rediyo mashayi da aka tura Gdansk ya tono abin da za a ɓata Maciej da shi. Marian Opania ya taka shi da gumi da rawar hannu, ga shi an hana sayar da giya a gari saboda yajin aiki, ga tsoron waɗanda suka aiko shi, ga kunyar waɗanda yake yi wa leƙen asiri. Da ya yi ta maza ya ajiye aikinsa, masu yajin ba su karɓe shi ba, sun riga sun san wanda ya turo shi. Yana fita daga masana'antar, jama'a na murna, sai wani jami'in jam'iyya ya tsayar da mota ya shaida masa cewa yarjejeniyar takarda ce kawai, an sa mata hannu bisa tilas, ba ta ɗaure kowa. Wata bakwai bai cika ba bayan kyautar Cannes, ran 13 ga Disambar 1981, Janar Jaruzelski ya kafa dokar soja, aka tsare Wałęsa da dubban 'yan ƙungiyar, aka janye fim ɗin daga gidajen silima. Gicciyen uku dai ba a taɓa su ba, sai dai an riƙa kama masu zuwa ajiye furanni a gindinsu.