Fatalwar Hasumiyar Landan: Su Wa Ke Dawowa?

A bakin kogin da ya ratsa Landan akwai tsohuwar ganuwar dutse da ake kira Hasumiyar Landan. Sarki William, wanda ya ci Ingila da yaƙi a 1066, shi ya aza harsashinta wajen 1078, don mutanen gari su ɗaga kai su san ƙasa ta yi sabon mai ita. Ta yi zaman fada, rumbun makamai, gidan buga kuɗi, gidan namun daji da kurkuku. Amma yau baƙo bai cika fita daga cikinta ba sai an ba shi labarin fatalwa.

Bahaushe in ya ji motsi a kufai, aljani yake zargi, halittar da ba ta da suna balle ranar mutuwa. Fatalwar Bature kuwa mutum ce da aka sani, har laifin da aka ɗora mata yana rubuce. Shi ya sa abin dubawa a nan shi ne wa aka zaɓa ya dawo.

Ta gaba-gaba ita ce Anne Boleyn, matar Sarki Henry na Takwas ta biyu. An sare mata kai da takobi ranar 19 ga Mayu, 1536, bisa zargin zina da cin amanar sarki, zargin da masana tarihi da yawa ke ɗauka ƙage ne. Ba ta haifi namiji ba, kuma bayan kwana goma sha ɗaya sarki ya yi sabuwar amarya. Ana cewa har yau tana zagaya cocin da aka binne ta, ba kai a wuyanta.

Sai yara biyu, Edward na Biyar mai shekara 12 da ƙanensa Richard mai shekara 9. Baffansu ya ajiye su a hasumiyar a 1483, ya hau karaga, aka daina jin ɗuriyarsu. A 1674 ma'aikata suka tono ƙasusuwan yara biyu a ƙarƙashin wata matakala. Masu labari suka ce ana ganin yaran cikin fararen riguna, hannu cikin hannu. Ga kuma Jane Grey, wadda manya suka ɗora bisa sarauta ta yi kwana tara, aka kashe ta a 1554 ko shekara ashirin ba ta kai ba.

Duk cikinsu babu jarumin da ya faɗi a fagen fama, sai mata da yaran da ƙarfi ya danne, shari'a ta yi shiru. Abin da baki ya ji tsoron faɗa a gaban sarki, shi aka miƙa wa dare. Labarin fatalwa ya zama ƙarar da ba a taɓa korewa ba.

Sai dai wannan kotu ma tana da son kai. Yawancin fursunonin da aka kashe, a waje aka kashe su, kan tudun da ke gefen ganuwar, gaban taron jama'a, ga kuma talakawan da aka rataye a wasu sassan birnin. Marubutan ƙarni na 19 da masu jagorar baƙi ba su ɗaukaka labarinsu ba, domin sarauniya marar kai ta fi jawo kasuwa. Ko a cikin fatalwa, ɗan sarki ake buɗe wa ƙofa.