Sharhin Fim: Dodannin Jurassic World da Ƙasusuwan da Ke Ƙarƙashin Ƙasarmu

A dogon hutun 2025 yayata ta turo mini 'ya'yanta uku daga Bagudo su yi mako biyu a wurina a Abuja. Babbar tana da shekara 13, mai bi mata 10, autan kuma 7. Ba wanda ya taɓa shiga sinima a cikinsu. Iyakarsu gidan kallon ƙwallo da fina-finan Indiya masu fassarar Hausa a wayar babansu. Sai na ce bari in kai su su ga Jurassic World Rebirth, wanda ya fito a farkon watan Yulin shekarar. Da muka fito, autan ya yi mini wata tambaya, ita ce ta sa na zauna rubuta wannan sharhi.

Fim ɗin shi ne na bakwai a jerin da Steven Spielberg ya fara da Jurassic Park a 1993. Gareth Edwards ne ya ba da umarni, David Koepp, wanda da shi aka rubuta na farkon, ya dawo ya rubuta wannan. Labarin gajere ne. Dainoso ɗin da masana suka farfaɗo da su sun kasa jure iskar duniyarmu, suna ta mutuwa, waɗanda suka rage sun koma yankunan zafi da ke kusa da layin da ya raba duniya biyu. Wani kamfanin magani yana son jinin manyan halittu uku, na ruwa da na tudu da na sama, don haɗa maganin ciwon zuciya. Ya ɗauki hayar Zora, wadda Scarlett Johansson ta fito a matsayinta, tare da wani masanin ƙasusuwa mai suna Loomis da matuƙin jirgin ruwa Duncan, wato Mahershala Ali. A hanya suka ceto wani magidanci da iyalinsa da dodon teku ya kifar wa da jirgi.

Inda fim ɗin ya yi kyau, ya yi kyau ƙwarai. Akwai wurin da babbar 'yar magidancin take sanɗa ta jawo kwale-kwalen roba daga gefen wani dainoso mai cin nama da ke barci. Edwards bai yi gaggawa ba, ya bar mai kallo yana jin numfashin dabbar, har sai da ta farka ta bi su cikin kogi. Yaron nan mai shekara 10 ya saba shiga jirgin kwale-kwale a Lolo idan sun je wurin dangin babansu, ya san labaran dorina tun yana ƙarami. Sai na ji ya daki hannun kujera yana cewa, "Ku yi bakin gaɓa! Ku bar tsakiyar ruwa!" Tsoron da ya ji a nan na gaske ne, domin kogi ne da kwale-kwale da dabbar da ta fi ƙarfin mutum, kuma duk ya san su. Haka ma wurin da aka nuna manyan masu dogon wuya suna kiwo cikin ciyawa, duk ɗakin ya yi tsit, babbar ta manta da gurguru a hannunta.

Amma masu fim ɗin kamar ba su yarda cewa dabbar gaskiya ta isa ta riƙe mai kallo ba. Sai suka ƙago wani dodo mai gaɓoɓi shida da ƙaton kai, wai shi Distortus rex, suka ajiye shi don ƙarshen fim. Da ya fito, yaran ba su ko motsa ba. Autan ma cewa ya yi, "Wannan na cikin gem ne." Ya yi gaskiya. Abin da ba ya ci don yunwa, ba ya barci, ba ya da wata ɗabi'a sai kisa, ba a jin tsoronsa kamar yadda ake jin tsoron dorina. Yadda dodon ya kuɓuce tun farko ma abin dariya ne: takardar alewa ce ta shige cikin na'urar ƙofa, duk tsaron ɗakin bincike ya rushe. Aikina rubuta manhaja ne, na san ƙaramin kuskure kan jawo babbar ɓarna, amma duk injiniyan da ya gina tsaron da takardar alewa ɗaya za ta kayar, ranar zai bar aiki.

Ƙarshen labarin ya taɓa sana'ata. Zora da Loomis sun yanke shawarar ba za su miƙa wa kamfanin jinin ba, za su sake shi ga duniya kyauta yadda kowa zai iya haɗa maganin. Mu masu manhaja mun san wannan tsari, da shi aka gina Linux, kuma ina cikin masu goyon bayansa. Sai dai fim ɗin ya sauƙaƙa abin fiye da kima. Sakin bayani kyauta ba ya gina masana'anta, ba ya kai magani asibitin ƙauye, ba ya biyan kuɗin mota daga Tsamiya zuwa Birnin Kebbi. An gama maganar cikin jimla biyu don mai kallo ya tafi gida da farin ciki.

Babbar matsalata da fim ɗin ita ce taswirarsa. An ce dodanni sun taru a yankin zafi, an hana kowa zuwa can, shi ke nan. To, yankin zafi ai gidajen mutane ne. Fatakwal tana kusa da wannan layi, Kampala tana kansa kusan, miliyoyin mutane suna noma da su a wurin. Fim ɗin bai tsaya ya tambayi yadda suka kwana ba. A idonsa ƙasashen zafi wuri ne da ake shiga da bindiga, a ɗebo abu mai daraja, a fita da gudu. Mu da muka taso a bakin iyakar Najeriya da Benin, muna ganin manyan motoci suna wucewa da kaya ta gabanmu zuwa wani wuri, wannan labari ba baƙonmu ba ne.

A mota autan ya ce, "Kawu, dainoso dodon Turawa ne ko? A ƙasarsu kaɗai aka yi su?" Na ce masa a'a, halittun Allah ne da suka rayu suka ƙare tun kafin mutum, kuma ƙasusuwansu suna nan kusa da gida. Dodon tekun da ya kifar da jirgi a fim, Mosasaurus, yana da ɗan uwa da aka haƙo ƙasusuwansa a ƙasar Sakkwato. A 1972 wasu masanan Italiya suka raɗa masa suna Goronyosaurus, daga sunan Goronyo, garin nan mai madatsar ruwa. Ya rayu kimanin shekara miliyan 70 da suka wuce, lokacin da wani teku marar zurfi ya ratsa Sahara ya malale wannan yanki. A wurin masana shi ba dainoso ba ne, babban mai jan ciki ne na ruwa, amma yaro ɗan shekara 7 bai damu da wannan ba. Ya dai riƙe baki ya ce, "Teku a Sakkwato?"

A Nijar abin ya fi haka. A Gadufawa, cikin hamadar Tenere a jihar Agadas, aka haƙo Ouranosaurus, wanda Bafaranshe Philippe Taquet ya sa wa suna a 1976. Daga can ne kuma aka samo Nigersaurus, mai cin ciyawa mai haƙora sama da 500, wanda Paul Sereno na Jami'ar Chicago da abokan aikinsa suka sa wa suna a 1999. Shi kansa Spinosaurus mai tozo kamar tanti, wanda ya taya dodon teku kai wa jirgin hari a fim, a Masar aka fara gano ƙasusuwansa. Gidan tarihi na Boubou Hama da ke Yamai yana da kwarangwal ɗin dainoso a tsaye, kuma Yamai ta fi Abuja kusa da Bagudo. Fim ɗin ya ɗauki dabbar Afirka ya kai ta wani tsibiri na ƙage a gaɓar Kudancin Amurka, bai ambaci inda ta fito ba. Ni ma da na yi firamare da sakandare a Kebbi, ban taɓa jin sunan Goronyosaurus a aji ba, sai da na girma na ci karo da shi a intanet.

Ga iyaye: fim ɗin ya ɗan haura sa'a biyu, akwai wuraren da ake cinye mutane, ƙarar sinima kuma tana da ƙarfi. Autanmu ya ɓoye fuska a rigata sau uku, ya kuma kwana da fitila a kunne. Yaron da bai kai shekara 10 ba gara ya kalla a gida, da rana, kusa da babba. Waɗanda suka fi haka za su ji daɗinsa, in dai za a zauna da su bayan an gama a amsa tambayoyinsu.

Ga marubutanmu kuma, musamman masu rubuta wa yara: an rubuta littattafan soyayya da na aljanu da Hausa ba adadi. Labarin yarinyar da ta tsinci haƙorin dodon teku a gonar babanta a Goronyo fa? Babbar 'yar yayata ta ce ita za ta rubuta shi idan ba wanda ya riga ta. Na saya mata littafin rubutu mai shafi 80 kafin in sa su a motar gida.